Masanin Mulkin Da Bai Taɓa Bin Fayil Ba

Kakar tallan guraben bincike ta sake zagayowa. Duk wanda yake cikin zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai ya gani: ƙungiyar farar hula kaza tana neman matasa masu digiri, musamman na biyu, su zo su yi wata shida ko shekara suna bincike kan shugabanci da manufofin gwamnati. Za a ba su alawus, a haɗa kowa da wani babba da zai riƙa duba aikinsa, a ƙarshe ya fitar da takarda da sunansa a kai. Duk wanda ya tambaye ni ko ya nema, ce masa nake ya nema. A wannan marra, wanda ya samu inda za a biya shi don ya yi karatu da tunani, ya riƙe da hannu biyu.

Rigimata da masu tsara guraben ce. Kuma tunda ina cikin waɗanda ke zaune a bayan teburin da ake zuwa a yi wa bincike, shekara goma sha takwas ke nan ina aikin gwamnati, ina jin ina da bakin magana.

Abin da ya zama al'ada shi ne a ɗauko yaro mai kaifin kai, a ajiye shi a ofis mai sanyi a Wuse ko Maitama, ya kwashe shekara yana karanta rahotannin da wasu suka rubuta kan rahotannin wasu. Ya fitar da nasa da Turanci mai kauri, a kama ɗakin taro a otal, a gayyato mutanen da suka halarci irin taron a makon jiya, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a ci shinkafa, a watse. Daga ranar ya zama "masanin harkokin mulki", har gidajen talabijin suna kiransa. Alhali bai taɓa bin fayil ɗaya daga tebur zuwa tebur ba. Bai san inda kuɗin gwamnati suke maƙalewa ba, balle ya san wanda yake maƙale su. Yaron ba shi da laifi, abin da aka ɗora shi a kai ke nan.

Jama'a, rahoto fa ba shi ne ya yi mana ƙaranci a ƙasar nan ba. Kwamitin Udoji ya miƙa aikinsa kan gyaran aikin gwamnati a 1974. Yau in ka ce Udoji, ƙarin albashi da ariyas kawai ake tunawa, sauran shawarwarin sun bi shanun sarki. Kwamitin marigayi Mai Shari'a Uwais ya miƙa nasa kan gyaran zaɓe a ƙarshen 2008, kuma duk kakar zaɓe sai an ɗauko shi an karkaɗe ƙura an mayar. Oronsaye ya miƙa rahoto mai shafi kusan 800 a 2012, ya ƙirga hukumomin tarayya 541, ya ce guda 263 da doka ta kafa a rage su zuwa 161. Sai a Fabrairun 2024 aka ce an amince a aiwatar, bayan shekara goma sha biyu, kuma daga lokacin zuwa yau kowa ya ga sababbin hukumomin da aka ƙara. Waɗannan manya ne, gwamnati ce da kanta ta sa su, da kuɗinta. In nasu ya kwanta haka, me zai sa takarda mai shafi talatin kan "ƙarfafa riƙon amana a hukumomi" ta motsa wani?

Bari in faɗi abin da ba a koyarwa a waɗancan ofisoshin masu sanyi, don shi ne gundarin maganar. In ka ga an rubuta a kasafin jiha cewa an ware miliyan hamsin don gyaran asibitin sha-ka-tafi na wani gari, alkawari ne kawai, ko kwabo bai motsa ba tukuna. Kafin ya zama buhun siminti, sai ma'aikatar ta rubuta memo, daraktan tsare-tsare ya duba, babban sakatare ya sa hannu, kwamishina ya kai gaba, mai girma gwamna ya amince. Daga nan hukumar tantance kwangiloli ta ce farashin ya yi daidai, a bayar da aikin, ma'aikatar kuɗi ta fitar da takardar sakin kuɗi, ofishin akanta janar ya ce akwai kuɗin a ƙasa ko babu. In ɗan kwangila ya fara, injiniya ya je ya auna ya rubuta shaidar abin da aka yi, a haɗa bauca, odita na cikin gida ya duba, sannan a biya. A kowane ɗaya daga cikin teburan nan aikin yana iya mutuwa, kuma kowace mutuwa da kalarta. Wani fayil ɗin a rubuta masa KIV a gefe, wato a ajiye ana tunawa da shi, wanda kowane ma'aikaci ya san ma'anarsa an binne. Wani a amince amma a ƙi sakin kuɗi har Disamba ta wuce, ya sake ɓullowa a kasafin baɗi a matsayin "aikin da ake kan yi", alhali ko tushe ba a haƙa ba. Wani a saki rabi, ɗan kwangila ya shafa fenti a bangon da ke kallon titi, ya kama gabansa. Wani kuma tun farko a dunƙule aka rubuta shi, "gyaran cibiyoyin lafiya a faɗin jiha", ba sunan gari ba adadi, yadda ko aljani ba zai iya bin sawunsa ba.

Wani lokacin ma babu ɓarawo ko ɗaya a cikin lamarin. An gina kasafin ne a kan kuɗin shigar da kowa ya san ba za su shigo ba, don a faranta wa kowa rai a takarda. In kuɗi suka gaza, albashi za a fara biya, sai bashi, sai hidimar gidan gwamnati, asibitin ƙauye shi ne na ƙarshe a layi. Wanda bai san wannan ba, komai ya gani "cin hanci" zai rubuta, ya ba da shawarar "a ƙara wayar da kai". Alhali maganin fayil ɗin da aka binne daban, na kasafin da aka hura wa iska daban, na injiniyan da ya sa hannu a kan aikin da bai je ya gani ba shi ma daban.

To me 'yan binciken suke zuwa mana da shi in sun zo? Takardar tambayoyi. "Shin ka yarda cewa akwai gaskiya da riƙon amana a ma'aikatarku?" Sai akwatuna biyar: na yarda ƙwarai, na yarda, ba ni da ra'ayi, ban yarda ba, ban yarda ba sam. Don Allah wane ma'aikaci ne mai iyali, da yake jiran ƙarin girma, zai ɗora biro a akwati na ƙarshe ya miƙa wa baƙon da bai sani ba? Na sha ganin an tara wa ɗan bautar ƙasa guda ashirin an ce ya cike kafin azahar. Su ake tattarawa a zuba a kwamfuta, ta fitar da zane mai launi, a ce kashi kaza cikin ɗari na ma'aikata sun ce kaza. A duk shekarun nan, waɗanda suka shigo suka ce min, "Ranka ya daɗe, ga layi kaza a kasafin bara, nawa aka saki, yaushe, wa aka biya?" ba su wuce uku ba. Kuma wallahi su kaɗai ne suka sa ofis ya yi tsit.

Irin aikin da nake nufi an yi shi a ƙasar nan, a Arewa ma aka yi. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinare, yara aƙalla 400 suka rasu. An share wasu ƙauyukan, amma Bagega ta ƙaramar hukumar Anka ta rage, kuma likitocin MSF suka ce ba amfani a ba yaro magani a mayar da shi cikin ƙasar da gubar take. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 a 2012, kuɗin suka tsaya a hanya. Wasu matasa, ciki har da Hamzat Lawal, suka ɗauki wannan alkawari guda ɗaya suka bi shi. Suka je garin, suka ɗauko hotuna da muryoyin iyaye, suka matsa a kafafen sada zumunta tare da ƙungiyoyin waje da ke kan maganar, har aka saki kuɗin a farkon 2013 aka fara share garin. A wannan gwagwarmayar Follow The Money ta yi suna. BudgIT, da aka kafa a Legas a 2011, ta fito da Tracka a 2014: a ɗauki ayyukan mazaɓu da ke cikin kasafi, a je garin a tambayi mutane ko sun gani. Sai a 2019 ICPC ta fara nata bin sawun ayyukan mazaɓun. Wato ƙungiyoyin farar hula su ne suka share hanyar nan. Shi ya sa abin yake ba ni haushi in na ga wata ƙungiya ta buɗe gurbin horar da sabon jini, amma ta kwafo tsarin rubuta kundin jami'a ta bar wanda aka ga amfaninsa da ido.

Kuma yau aikin ya fi na zamanin Bagega sauƙi. Daga 2018, a ƙarƙashin shirin SFTAS na Bankin Duniya, an riƙa ba jihohi tukuici in suka wallafa kasafinsu, da rahoton yadda ake aiwatar da shi duk wata uku, da asusun da babban odita ya bincika, a shafinsu na intanet. Saboda kuɗin, jihohi suka yi rige-rige. Takardun da a da sai kana da uwa a gindin murhu za ka gani, yau a waya ake sauke su. Mu da muke haɗa su mun san ba mai karantawa. Rahoton wata uku zai nuna maka ƙarara abin da aka ware wa kowace ma'aikata da abin da aka kashe a zahiri. Ɗan bincike ɗaya da zai zauna da na jiharsa na shekara uku ya jera su, zai san abin da gwamnati ta damu da shi fiye da wanda ya haddace duk jawaban ranar dimokuraɗiyya.

Abin da ba a wallafa ba kuma, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ta sa tarar naira dubu 500 ga wanda ya hana bayani ba bisa ƙa'ida ba. Ta ce buga wa takarda hatimin sirri bai isa hujjar ɓoye ta ba, ta kuma ba da kariya ga ma'aikacin da ya bayar da bayani da kyakkyawar niyya. An daɗe jihohi suna fakewa da cewa dokar tarayya ce ba ta shafe su ba, har Kotun Ƙoli ta raba gardama a Afrilun 2025, ta ce ta hau kansu. A nan dole in juyo kan 'yan'uwana ma'aikata. Yaro zai kawo wasiƙa, masinja ya ce oga ba ya nan, gobe a ce ya tafi taro, jibi a ce wasiƙar ba ta iso teburin da ya dace ba, har wata shidansa su ƙare ya koma ya haɗa takardar tambayoyi. Wasunmu suna riƙe fayil kamar gadon gidansu. Sun manta cewa ranar da suka yi ritaya su ne za su dawo wannan sakatariyar suna bin garatutinsu ofis-ofis, wani yaro yana ce musu oga ba ya nan. Amma ita ma ƙungiyar da ta turo yaron, ina lauyanta? Gurbin binciken mulkin da ba a koya wa mutum rubuta wasiƙar neman bayani ba, da ƙirga kwana bakwai, da abin da zai yi a rana ta takwas, me aka koya masa?

Sai maganar harshe, wadda ta fi ci min tuwo a ƙwarya. Bincike kan asibiti a Gwaram ko makaranta a Illela, mutanen Gwaram da Illela ne za su iya tsayawa a kansa bayan ɗan bincike ya koma Abuja. Su ne masu ɗakin, su suka san inda yake yoyo, kuma wurinsu ɗan majalisa zai dawo neman ƙuri'a. Amma sai a rubuta shi da Turancin da ni mai digiri sai na maimaita jimla sau biyu, a ɗora a intanet, a ce an "isar da shi ga al'umma". Wace al'umma? Malam Aminu Kano da 'yan NEPU, tun 1950, da Hausa suka riƙa warware wa talaka maganar haraji da jangali da aikin tilas, har ya gane cewa hukuma abar tambaya ce. Yau minti biyar a shiri irin Inda Ranka na Freedom Radio ya fi kowace ƙaddamarwar otal saurin tayar da ciyaman daga kujera. Mu da muke cikin ofis mun san yadda waya take fara ƙara washegari da safe. Ban ce a daina rubuta Turanci ba, mai ba da kuɗi yana buƙatar nasa. Amma kamata ya yi kada a ba ɗan bincike shaidar kammalawa sai ya tsaya a gaban kwamitin raya mazaɓa, ko taron iyaye da malamai, ya faɗa musu da harshensu: an ware kaza, an saki kaza, an biya wane, ga abin da na tarar. In a Borno ne da Kanuri, in a Binuwai ne da Tibanci, in a ruga ne da Fulatanci.

Ku kuma duba ƙofar shiga. Tallan zai ce dole ka zauna a Abuja, ka iya Turanci mai santsi, ka turo rubutun da ka taɓa wallafawa, da sunayen manya biyu da za su tsaya maka. Alawus ɗin kuwa, in ka cire hayar ɗaki a Mararaba ko Zuba da kuɗin mota safe da yamma, ba abin da zai rage. Wa zai iya? Wanda yake da kawu a Gwarinpa. Yarinyar da ta gama digiri a Gusau ko Gashuwa, wadda ta san kowane asibitin mazaɓa a ƙaramar hukumarsu, ta san ungozoma ta san mai unguwa, ko ta cike fom ɗin gida ba za a bar ta ta tafi Abuja ita kaɗai ba. Sannan a zauna a taro ana mamakin me ya sa 'yan Arewa, musamman mata, ba sa nema. Ai da a garinta gurbin yake, ana biyanta a inda take, ana duba aikinta ta waya, ana tara su sau biyu ko uku a shekara, kuɗin ɗakin taron ƙaddamarwa ɗaya ya isa ya riƙe ta watanni.

Na san masu cewa duk wannan ɓata baki ne, ƙungiyoyin nan 'yan leƙen asirin Turawa ne, kada yaranmu su kusance su. Malam, wane asiri? Kasafin da aka karanta a zauren majalisa a gaban kyamara? Kuɗin rijiyar garinku? Duk wanda ka ji yana kiran tambayar kuɗin jama'a leƙen asiri, ka bincika, ko dai yana ci a wurin ko yana sa ran ci. Amma akwai 'yar gaskiya a ƙarƙashin zargin, kuma bai kamata ƙungiyoyin su yi fushi in an faɗa ba: kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In bana mai ba da kuɗi sauyin yanayi yake so, duk 'yan bincike sauyin yanayi za su rubuta. In baɗi ya koma kan fasahar zamani, a bi shi can, ko da kuwa abin da ke kashe mutanen garin shi ne rashin ma'aikaciyar jinya da daddare. Kuma mun ga ƙarshen dogaro da aljihun wani. A Janairun 2025 Trump ya dakatar da tallafin Amurka na waje, zuwa Yuli an rufe USAID, ayyuka da dama a ƙasar nan suka tsaya cak, ma'aikata suka koma gida. Zagin Bature dai ba zai biya alawus ɗin kowa ba. Ina attajiranmu? Mutumin da yake raba motoci a bikin 'yarsa, biyan matasa goma na shekara su bi sawun kuɗin asibitocin jiharsa ba zai ko girgiza aljihunsa ba. Ga wurare irin su gidan Mambayya na Jami'ar Bayero da CITAD a Kano, waɗanda za su iya riƙe irin wannan shiri. Sai dai na san inda gizo ke saƙa: sau da yawa attajirin shi ne ɗan kwangilar.

Ku kuma masu nema, ƙannena, in kun zo wurin da aka ce mutum ya faɗi abin da yake son bincikawa, kada wanda ya rubuta "shugabanci nagari a Nijeriya". Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Rabonsu kashi 20.6 cikin ɗari ne na asusun tarayya, kuma abin da aka ware wa kowace ɗaya duk wata hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana wallafawa. Ɗauki ƙaramar hukumarku kaɗai. Jera abin da aka ce an ware mata na wata goma sha biyu. Je ka sakatariya ka tambayi ma'aji nawa ya shigo asusunsa, nawa aka cire na albashin malaman firamare da fansho da rabon masarauta da ayyukan haɗin gwiwa, nawa ya rage a hannun ciyaman. In an hana ka, ka rubuta wasiƙa ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, don ita kanta hanawar abin rubutawa ce. Ko ka ɗauki asusun lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, ka zaɓi asibitin mazaɓa uku da ke cikin shirin ka ga ko kuɗin suna sauka, da abin da ake saye da su. Ko kuɗin UBEC da jihohi ke bari a Abuja saboda ba su zuba nasu rabin ba, ka gano na jiharku nawa ne, tun yaushe.

In an kira ka ganawa, bayan sun gama nasu tambayoyin za su ce ko kana da tambaya. Ka ce eh. Cikin watannin nan kwana nawa zan yi a wajen Abuja? Akwai kuɗin mota a kasafin shirin? In hukuma ta ƙi amsa wasiƙata, akwai lauyan da zai tsaya min? Ka kuma roƙi su nuna maka aikin 'yan binciken bara da abin da ya canza a dalilinsa. In sun fara kallon juna, ka karɓi gurbin duk da haka, alawus halak ne. Sai dai ka san cewa sakatariyar ƙaramar hukumarku kai za ka kai kanka, da kuɗin motarka, a hutunka. Ka je Talata ko Laraba da hantsi. Litinin ana taro, Juma'a kuwa ba za ka tarar da kowa ba.